Hoton Bakari a Bangon Buro

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe 1 na rana

Na rufe ƙofa na ce wa Sumayya, sakatariyarmu, duk wanda ya neme ni ta ce ina salla. Ba salla nake ba, lokaci ma bai yi ba. Zaune nake ina kallon takardar Bakari, wadda ke kan teburina tun ran Jumma'a. Layi uku ce kacal. Ya gode wa ƙungiya, ya nemi gafarar kowa, ya ajiye aiki.

Shekara shida ina riƙe da sha'anin ma'aikata a ƙungiyar nan. Ni ke ɗauka, ni ke turawa ƙauye, ni ke jin kukan kowa. Mutum goma sha huɗu gare ni a karkara, daga Gidan Rumji har Gazawa, aikinsu sasanta manoma da makiyaya kafin ruwa ya sauka. Ban taɓa rasa ko ɗaya ba. Har a Maradi an san ni da wannan, in an taru akan ce a tambayi Nazira ta Agiye yadda take yi. To ga shi yau wanda ya fi kowa ne zai tafi, kuma saura kwana ashirin da biyu a yi taron burtali, wato hanyar shanu, a Gangara.

Wata bakwai Bakari yana ɗinka taron nan. Gonaki sun cinye hanyar shanu kaɗan kaɗan har ta koma kamar hanyar ƙafa, makiyaya kuma sun rantse ba za su sake zama da manoma a tabarma ɗaya ba. Shi ɗan ruga ne. Ruga ruga ya bi, yana shan rana yana lallashi, har suka ce za su zo saboda shi. In babu shi ran 27, kujeru za mu yi wa jawabi.

Zaharaddini, shugaban buronmu, wato ofishinmu, ya leƙo ɗazu duk da saƙon da na bar wa Sumayya. Ya ce in buga wa takardar hatimi a aika Maradi a nemo wani. Na ce ya ba ni lokaci. Ya ba ni zuwa ran 20, yana magana yana satar kallon bango, can inda hoton Bakari yake.

Ban yi laifi ba. Abin da aka koya mana a formasiyo, wato horon aiki, a Yamai na yi, kuma ranar da aka koya mana kowa a zauren sai da ya gyaɗa kai. An ce ma'aikaci in ba a nuna an ga ƙoƙarinsa ba jikinsa mutuwa yake yi. An ce a zaɓi gwanin wata a kafa hotonsa inda kowa zai gani. Na zaɓa, na kafa. Har Maradi na je aka wanke hoton babba aka sa masa gilashi.

Abin da ya faru a reniyon, taron ma'aikata na ran Laraba, kuwa ba zan rubuta shi ba.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe 8 na safe

Na kira shi sau huɗu. Tana shiga, ba ya ɗauka. Da ma a ce babu rezo ne, layin waya bai kai can ba, da na samu abin faɗa wa kaina.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe 4 na yamma

Gurup ɗinmu na waya ya mutu murus. Da tun sassafe ake fara gaisuwa a ciki, wannan ya turo hoton motonsa, wato babur, ya nutse a rairayi, wancan ya tsokane shi, har sai na tsawatar. Yau na tura saƙo kan jadawalin sati, na samu amsa goma sha ɗaya, duka kalma biyu: an gani.

Bilyaminu, wanda ke kula da ƙauyukan kusa da nan, shi ne kullum ke fara kawo rapor, wato rahoton aiki, har nakan ce masa mai gaggawa. Satin nan shiru. Na tambayi Sumayya ko ba shi da lafiya, ta ce lafiyarsa lau, rapor ɗin ma tun ran Litinin yana jakarsa, jira yake mutum uku su riga shi don kar a rataye shi. Wai yanzu in za su rabu a bakin ƙofa sai su ce wa juna Allah ya tsare ka da bangon Madam. Dariya ta so kama ni, sai kuma raina ya ɓaci. Wato abin da na kawo don ya sa su rige-rigen aiki, shi ya sa su rige-rigen zama na baya.

Na tambaye ta mene ne aibu a yabon mutum. Ta ci gaba da buga takardarta, ba ta ɗago ba.

"Madam, ni dai ban ga Malam Gado ya ci abinci ba ran nan."

Malam Gado shi ne babba a cikin ma'aikatana, yana Sae Sabuwa, yana aikin nan tun ina lakol, ina ƴar makaranta. Ban tambaye ta abin da take nufi ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe

Zaharaddini ya ajiye mini takardun mutum uku masu neman aiki, kowa da shaidar karatunsa mai kauri. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya na tambaye shi wanne ne zai iya gaida tsohon Bafillace da harshensa, wanne ne wani ardo ya san ubansa. Ya ce babu ma'aikacin da in babu shi aiki zai tsaya. Na ce gaskiya ne in shekara muke da ita, amma kwana goma sha tara muke da su. Ya tattara takardunsa ya fita bai rufe mini ƙofa ba.

Yau dai ni na ci. Na aika aka sayo mini shinkafa da wake na cinye tas.

Jumma'a, 9 ga Mayu, bayan Azahar

Ban yi laifi ba. Sau uku na faɗa yau, ta ukun ba ta fito da ƙarfi ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan La'asar

Na wuni a gida ina tsara tambayoyi ashirin da za a raba wa ma'aikata, kowa ya faɗi abin da ke damunsa, ba sai ya sa suna ba. Sun yi kyau ƙwarai. Gobe zan fara kai wa Malam Gado tasa da kaina. Don shi ne babba kawai zan fara da shi, ba don wani abu ba.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan Magariba

Na dawo daga Sae Sabuwa. Bayana ciwo yake kamar an yi mini duka, amma sai na rubuta wannan kafin in manta da ko kalma ɗaya.

Na iske shi a zauren gidan da yake zama, yana gyaran igiyar awo. Ya tashi tsaye, ya kaɗe mini tabarma, ya sa aka kawo fura mai sanyi. Ya tambayi mutanen gidana ɗaya ɗaya, har kakata da ta rasu bara sai da ya sake yi mini gaisuwarta. Mutumin Tibiri ne, su kuwa in suka tashi karrama ka sai ka rasa inda za ka sa kanka. Gara a ce ya ɗaure fuska, da na san ta inda zan ɓullo. Takardar tambayoyina tana cikin jaka, na sa hannu sau biyu zan fiddo ta, na ji kamar zan miƙa wa mahaifina.

Da gaisuwa ta ƙare na ce masa Bakari ya ajiye aiki. Ya ce ya ji. Na ce ko yana ganin bakin mutane yaron yake tsoro, tunda an kafa hotonsa. Ya yi ƴar dariya ya ce wannan ma akwai, amma ba shi ba ne. Sai ya ajiye igiyar.

"Ɗiyata, ni tsoho na, an yi mini abin da ya hi wanga na haɗiye. Yaron ga ni na ɗauko shi, ni na koya mai hawan moto, ni na koya mai rubuta rapor. Baba shika ce mini. Kin tsaida shi gabana, kin ce mu tashi mu yi mai tahi, kin kuma hwaɗi abin da kinka hwaɗi. Ni ban riƙe ki ba. Shi ne ba shi iya sake haɗa ido da ni."

Na san abin da na faɗi. Akwai shekara goma sha tara na Malam Gado a cikin maganar, akwai shekara uku na Bakari. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Kunya ta rufe ni. Duk kwanakin nan ina ta tunanin ko albashi ne, ko wata ƙungiya ce ta yi masa tayi, ashe yaro kunyar babansa ce ta kore shi. Na ce gobe zan tafi wurinsa in ba shi haƙuri. Malam Gado ya ɗaga hannu ya ce kul. Ya ce in na je, Bakari zai ce ba komai, ya ba ni nono, ya raka ni har mota, shi ke nan na rasa shi. Irinsu ba a yabonsu a gaban idonsu, ba a kuma ba su haƙuri a gaban idonsu. Kawunsa Jaye, ardon rugarsu, shi za a samu a faɗa wa, maganar ta iske yaron da ƙafarta.

Na tambaye shi sauran fa, da suka daina magana. Ya ce da can in an gama aiki mai wuya babba ne ke bin su har inda suke ya ce ya zo ban gajiya, ya zauna ya sha ruwansu ya tafi. Ya ce tun da na zo ban taɓa yi ba, amma ya san ba raini ba ne, ba a koya mini ba ne a can inda nake zuwa koyo. Wannan ta shige ni, na kuwa haɗiye.

Zai raka ni rugar ran Asabar. Da zan shiga mota na ce masa, to Baba, ni ma yau ban gajiya na zo. Ya ce ai ya gani, har da jaka.

Talata, 13 ga Mayu, ƙarfe 7 da rabi na safe

Na riga kowa zuwa, na taka kujera na sauke hoton, na kife shi a ƙasan kabad. Sumayya ta shigo ta kalli ƙusar, ta kalle ni, ta tambaye ni ko zan sha shayi. Shekara huɗu muna tare, yau ne ta fara yi mini tayin shayi.

Talata, ƙarfe 3 na yamma

Zaharaddini ya ce ba zai sa hannu a ba ni mota kwana uku don in je gaisuwa ba, wai me zai rubuta a takardar tafiya. Na ce ya rubuta duba ma'aikata a wuraren aikinsu. Ya ce to ai ba shi za ki yi ba. Na ce in na je ban gan su ba ya kore ni. Ya sa hannu yana huci.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan Magariba

Mutum huɗu yau. Na fara da Bilyaminu. Da ya ga mota ta tsaya a ƙofarsa sai ya miƙe yana lalube jaka, ya ɗauka rapor na biyo. Na ce ya bar shi, ban gajiya na zo, na aikin rijiyoyin da ya sha fama da su a rani. Ya tsaya yana jiran sauran maganar, na ce babu saura. Muka zauna a inuwa. Ya yi mini sannu da hanya, daga nan kuma ya ɓalle da magana kamar an buɗe famfo. Ashe wata biyu yana yawo da moto mara birki na baya, da ƙafa yake tsayawa. Na ce me ya hana shi rubutawa, ya ce kar a ce ya cika ƙorafi. Ni da nake taƙamar na san kukan kowa.

Da zan tafi ya miƙo mini rapor ɗin da kansa, yana dariya, ya ce tunda ya ji bangon ya huce.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe 6 na yamma

Biyar yau, har cikin Gazawa. Na sha fura sau biyar, cikina kamar tulu, kuma ba dama in ƙi. Rukaiya, mace ɗaya tilo da nake da ita a karkara, ta riƙe hannuna ta ce ta ɗauka sai mutum ya yi laifi ake zuwa wurinsa. Na ji abin a raina, amma daɗin da na ji ya fi yawa. Tambayoyina ashirin suna jaka har yanzu, abin da na ji a kwana biyun nan ko ɗaya babu shi a cikinsu.

Jumma'a, 16 ga Mayu, bayan La'asar

Na gama da sauran ukun. Gurup ya farfaɗo. Wani ya turo hoton akuya a kan motonsa ya rubuta cewa ga gwanar wata. Ni na fara tura dariya.

Bakari yana cikin gurup ɗin har yanzu, bai fita ba. Na duba sau shida.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan Magariba

Malam Gado ya kwana a Agiye, muka kama hanyar Gangara da sassafe. A mota ya yi mini karatu: kar in yi maganar takarda, kar in tambayi inda yaron yake, kar in yi gaggawa. Na ce masa ai ni ba yarinya ba ce. Ya ce ya sani, shi ya sa yake maimaitawa.

Rugar tana bayan gari, sai da muka bar mota muka taka. Jaye dogon tsoho ne siriri, Hausarsa a hankali take fita kamar yana auna ta. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin gawo. Su biyu suka yi ta gaisuwa, shanu, ruwa, rana, yara, har ƙafata ta yi sanyi. A ƙofar wata bukka, taku goma daga inda muke, na hango takalman roba shuɗɗa masu ɗinki a dunduniya. Na san takalman nan, shekara uku suna shiga burona. Na kau da kai kamar ban gani ba, amma na ɗan ƙara murya.

Da Malam Gado ya ba ni dama, na ce wa Jaye godiya na kawo wa gidan da ya yi tarbiyyar ɗanmu. Na ba shi labarin ranar da moton Bakari ya lalace a hanya, ya jingine shi ya taka da ƙafa cikin tsakar rana ya isa wata rijiya kafin a zare sanduna. Na faɗi yadda ba ya ɗaga murya, yadda manoma ma ke neman shawararsa. Jaye yana ta zane a ƙasa da tsinke.

Nan ya kamata in tsaya, haka muka shirya. Sai na ji ban gama ba. Na juya wajen Malam Gado na ce, a gaban Ardo nake son in faɗi wannan. Duk abin da Bakari ya iya, wannan dattijon ne ya koya masa, kuma ƙungiya ta sani. Ni kuwa na yi masa rashin ladabi a gaban ƴaƴansa, na faɗi maganar da ƴa ba ta faɗa wa uba. Na ce Baba ka yafe mini.

Malam Gado bai zaci wannan ba, na gani a fuskarsa. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ya shiga gyara hularsa da ba ta karkace ba. Jaye ya ajiye tsinken ya dube ni karon farko.

"Mun ji, Madam. Allah shi kai ku lahiya."

Shi ke nan. Na taso ina cewa a raina duk wannan tafiya don kalma takwas. Sai da muka shiga mota Malam Gado ya ce in saki raina. Ya ce ban lura ba ne, tsohon da ƙafarsa ya rako mu har mota, in da bai karɓi maganar ba daga kan tabarma zai sallame mu. Ya ƙara da cewa na saɓa shiri, amma saɓawar ta fi shirin. Na sa direba ya kunna rediyo.

Lahadi, 18 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe

Shiru.

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe 5 na yamma

Shiru. Duk moton da ya tsaya a ƙofar buro sai na leƙa ta taga. Mai kawo ruwa ma ya fara gaishe ni ta tagar.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe 12 na rana

Wa'adi ya cika. Zaharaddini ya shigo ya ce in buga hatimi, motar Maradi za ta tashi ƙarfe biyu. Aka nemi hatimi aka rasa. Sumayya ta zazzage aljihunan tebur, mai gadi ya duba har bayan kabad, ni ma na taya su nema da gaske. Takarda ba ta tafiya babu hatimi, doka ce, ba ni na kafa ta ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallona, ya kuma kalli jakata da ke rataye a kafaɗata tun safe, ya ce ya ba ni zuwa Jumma'a, in ba a gan shi ba ni zan yi wa Maradi bayani.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan Azahar

In bai zo ba fa? Tsoro nake ji, yau na yarda.

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe 10 na safe

Ya zo.

Alhamis, ƙarfe 2 na rana

Ɗazu murna ce ta hana ni ƙarawa. Wajen ƙarfe tara na ji sallamarsa yana gaida Sumayya. Ya shigo, ya rame kaɗan, idonsa a ƙasa. Ya saci kallon bango sau ɗaya. Muka gaisa kamar jiya muka rabu. Ya ce takardar esansi, wato man fetur, ya zo karɓa, akwai rugage shida da yake son ya sake zagawa kafin Talata.

Allah ya sani maganar da ta cika mini baki. Ina son in ce sannu da dawowa, in ce ka tsorata ni, in ce babu kamarka. Na danne harshena da haƙori, na ja takarda na sa hannu, na tambaye shi ko tayar motonsa tana da kyau. Ya ce da sauranta. A rayuwata ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan shirun ba.

Ya kai ƙofa, sai ya tsaya bai juyo ba.

"Madam, akwai wata takarda da na mance nan wurinki."

Na fiddo ta daga ƙarƙashin littafi na miƙa masa a ninke.

"Ga ta. Ban ma samu na karanta ba."

Ya sa a aljihu ya ce ya gode. Da na ji ƙarar motonsa ta yi nisa na rufe ƙofa na taka rawa ni kaɗai a tsakanin tebur da kabad, ni da ƴata ta fari ta kusa gama lakol. An ga hatimi bayan Azahar.

Asabar, 24 ga Mayu, ƙarfe 9 na safe

Malam Gado ya kira. Yaron ya biya ta wurinsa jiya, duk nisan nan, da ƙwaryar man shanu. Sun ci abinci a kwano ɗaya.

Talata, 27 ga Mayu, bayan Magariba

An yi taro, kuma an yi shi da kyau.

Ƙarfe tara manoma sun cika gefensu, ɗaya gefen babu kowa. Zaharaddini yana ta duba agogo yana duba ni. Wajen goma saura sai ga su, jere, da malafunansu da sandunansu, Jaye a gaba. Kujerun da muka tanada ba su isa ba sai da aka aro tabarmi. An yi zafi, an yi sanyi, wani manomi ya tashi zai fita aka zaunar da shi. Bakari yana tsugune a tsakani yana juya magana daga Hausa zuwa Fillanci, ba a ma cika jin muryarsa ba. Kafin La'asar aka amince za a buɗe burtalin a kafa alamomi kafin shuka, masu gari da arɗaɗe suka sa hannu.

Sai ga abin da ban shirya masa ba. Zaharaddini ya karɓi lasifika don rufe taro, daɗi ya kwashe shi. Na ji ya ce akwai wani matashi a cikinmu da ya kamata kowa ya san shi, ya fara waige-waige. Na dubi Bakari na ga ya miƙe a hankali yana ja da baya wajen da aka ajiye motoci. Ban san lokacin da na isa gaba ba. Na ce Shugaba a yi mini afuwa, abinci na hucewa, na zare lasifikar daga hannunsa a gaban jama'a. Na gode wa masu gari, na gode wa Ardo Jaye da sauran arɗaɗe, na gode wa Malam Gado babanmu a wannan aiki da duk ƴaƴan da ya koyar, na ce a yi fatiha. Da aka shafa na waiga, Bakari ya dawo yana taya naɗe tabarmi.

A mota Zaharaddini ya sha mur har muka wuce Gazawa. Can ya ce bai taɓa ganin ma'aikaciyar da ta ƙwace wa shugabanta magana ba. Na ce ni ma ban taɓa gani ba. Na ba shi labari tun daga farko, har da abin da na ƙi rubutawa a nan. Sai ya tambaye ni shi yanzu ta yaya zai gode wa yaron. Na ce ya sayi goro da sukari, ran Asabar in raka shi wurin Jaye. Ya ce to.

Na gaji, muryata ta dushe, kuma rabon da in ji daɗi irin na yau har na manta.

Alhamis, 29 ga Mayu, ƙarfe 11 na safe

Hadari ya haɗu ta gabas tun safe, bai zubo ba tukuna. Bakari ya kawo rapor ɗin taro, shafi huɗu, sunansa bai fito ko sau ɗaya a ciki ba. Na karɓa na ce madalla, ban ƙara ba.

Bai tafi ba, ya tsaya yana murza makullin moto. Ya ce yana da roƙo. Gabana ya faɗi, na ajiye alƙalami. Ya ce ya ga a jadawali an sa masa hutu a Nuwamba, alhali lokacin ne shanu ke saukowa bayan girbi, ba ya son ya bar burtalin a shekararsa ta farko babu mai lura. Ko zai yiwu a mayar masa da hutun Fabrairu mai zuwa?

Na ce bari in duba. Na buɗe jadawalin na daɗe ina dubawa don kar ya ga fuskata, ko da yake shafin baɗi babu sunan kowa a ciki tukuna. Na rubuta nasa a layin farko.